Tsakuwar Cikin Akwati

Har zuwa makon jiya, akwai wani akwati a ƙarƙashin gadona da ya shekara guda a rufe. Ba kulle shi na yi ba, domin ba shi da kwaɗo, ba shi da patar da ke riƙe murfi, ko murfi ma ba shi da shi tukuna. Katako shida na haɗa na manne su ruf kamar yadda aka koya mini, saura kawai in sa zarto in zagaye shi, in fitar da murfin daga jikinsa. Wannan yanka guda ɗaya shi ne ya gagare ni. Likkafanina da na saya na ajiye yana rataye a ƙusa cikin leda yana jiran ɗakinsa, kuma duk safiyar da na buɗe ido na ga ledar nan sai gabana ya faɗi. Ba mutuwar ce ta fi damuna ba, ita tana tafe ko na so ko na ƙi. Abin da ke ci mini rai shi ne a ce mutumin da ya yi wa rabin matan ƙasar Ikara akwati, ranar da aka zo neman likkafaninsa an ciro shi daga ledar da aka ƙunso taliya.

Wanda bai san aikin ba zai ce me ya kai ni rufe akwati ta ko'ina kamar ƙwai. Haka ake yi a da. Idan ka yi gangar jiki daban, murfi daban, ko sau goma ka auna sai ka tarar da 'yar kafar da kyankyaso zai bi. Amma idan ka haɗa shi guda, ya bushe, sannan ka yanke murfin daga jikinsa, daram zai zauna. Yaran da ke kafinta yanzu a bakin titin Ikara ba su da wannan haƙurin, kuma ban cika ganin laifinsu ba. Wani falanki ake kawo musu daga kamfani mai kama da biskit, inji ya yanka, su jera masa ƙusa, su fesa masa fenti, kafin azahar an ɗora a kan babur an tafi. Damina ɗaya murfin ya kumbura ya ƙi rufuwa, su ce laifin ruwa ne. Akwatin ma wa ke nema? Kowa ya koma jaka mai zif da akwatin roba mai taya. In na bi ta wajensu sukan gaishe ni da ladabi, su ba ni benci, amma ƙarar janareto da inji ba ta barin kowa ya ji amsar kowa, sai dai mu yi ta gyaɗa wa juna kai.

A wurin kawuna na koya, ƙanen mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami. Rumfarsa ta kwano tana bakin kasuwar Paki. Idan ba ranar kasuwa ba ce, da hantsi maza sun watse gona, garin yakan yi tsit har kana jiyo luguden mata daga wata unguwa, kana jin kofaton shanu suna wucewa ta bayan gari. A cikin wannan shirun muke aiki. Gizago yana da nasa kukan, zarto yana da nasa, kuma Kawu yana iya ba ka baya ya gaya maka cewa zartonka ya dakushe, ka ɗauko magagari ka wasa. Ni ke karɓo guntayen ƙirgi a mahauta, in jiƙa, in dafa har ya yi kauri ya zama gam, warin kuwa sai ka kwana biyu kana jin sa a tuwo. Ni ke shanya ganyen ɓaure mai kaushi da muke goge katako da shi, ni ke narka man kaɗanya na shafawa. Kawu ba mai bayani ba ne. Idan ka yi daidai ya yi shiru, idan ka yi kuskure ya yi wani shirun daban, kai za ka koyi bambance su.

Akwai abu guda da yake yi wanda ya tsaya mini a rai. Duk lokacin da zai ɗora katako na shida, sai ya sunkuya ya tsinci 'yar tsakuwa, ya hure ta, ya jefa ciki, sannan ya rufe. Ranar yanka kuma in gan shi ya rungumi akwatin yana karkata shi hagu da dama, kunne a jiki, ido a rufe. Bayan an buɗe ba ya cire ta, da ita mai kaya yake tafiya. Na taɓa tambayarsa, ya ce, "Tana da aikinta." Daga nan bai ƙara ba. Ni kuwa sai na yanke wa kaina cewa surkullen tsofaffi ne. Balle da na je Zariya na yi shekara biyu a shagon masu kujeru, na dawo da fensir a kunne, tef a aljihu, da samfefa cike da jaka. A lokacin ina ganin kaina ƙwarai. Hannun Kawu ya riga ya fara rawa, yawancin yanka ni nake yi, har na fara jin cewa rumfar tawa ce, shi ɗan zaman taya hira ne.

A tsakiyar wata damina wata tsohuwa ta zo daga Taba a kan jaki, ɗanta yana biye da ita da wani tsohon ƙyaure a ka. 'Yar Paki ce aure ya kai ta can, ta girmi Kawu, tare suka yi ƙuruciya. Sai da suka gaisa har na gaji da durƙuso, an tambayi gida, an tambayi ruwa, an tambayi shuka, an yi wa matattu addu'a ɗaya bayan ɗaya, sannan ta nuna ƙyauren.

"Kafinta, na ɗakin Malam ne," in ji ta, tana nufin mijinta da ya rasu. "Ɗakin ya faɗi da ruwan bara, shi kaɗai ya tsira. Tun ina amarya nake jin kukansa da asuba in zai fita masallaci. Akwati nake so ka fitar mini a ciki, na likkafani. Ka raba mini ɗan wuri a gefe guda na turare da allura da zare, kada ranar ta zo a shiga maƙwabta ana aro."

"Haba Yaya, ai da saura," in ji Kawu.

"Kai aka gaya wa? Tarin nan da kake ji ba na mura ba ne. Kasuwa biyu na ba ka, ta uku zan zo da kaina." Sai ta dube ni. "Wannan ne ɗan Zariyar? Me aka soka masa a kunne?"

Ƙyauren na maɗaci ne, ya yi ja har ya koma baƙi-baƙi, ga nauyi. Kawu ya kwana uku yana auna shi da kamu da yatsa kafin ya yarda in sa masa zarto. Guda bakwai cif ya bayar, shida na jiki da ɗaya na raba ciki, abin da ya rage bai fi na hura wuta ba. Duk wanda ya lalace babu madadinsa a duniya, kuma Kawu ya tabbatar na ji wannan maganar. Muka fitar da haƙoran kusurwa, muka gwada su a bushe suka shiga. Allon raba cikin muka kafa shi a gindi, ya miƙe tsaye, kansa ya tsaya yatsa uku da ɗan ɗori ƙasa da saman akwatin, domin zarto ya wuce ta kansa bai taɓa shi ba. Ana gobe za mu manne sai aka aiko wa Kawu da rasuwa a Makarfi. Da zai tafi ya ce, "Ka haɗa, ka ɗaure, ka bar shi. Kada ka yi masa komai sai na dawo."

Na shafa gam, na haɗa biyar, na ɗauko na shida. Har na sunkuya na tsinci tsakuwa, don hannu ya saba ganin ana yi, sai na tsaya na yi wa kaina dariya, na wurga wa kajin da ke tono a bakin rumfa. Na rufe akwatin, na zaro fensir na zana alama a saman, na ce ga yadda masu ilmi suke yi. Na ɗaure shi da igiya, na sa kara na murɗa har ta yi tsam. Kwana biyu gam ya kama. Da a nan na tsaya da babu labari. Amma da na kwance igiyar na ga yadda haƙoran suka ciji juna, sai zuciyata ta ce ai ya kamata tsohon nan ya dawo ya ga abin da samfefa take yi wanda ganyen ɓaure ba ya yi. Na wuni ina goga. In goge wannan fuska in juya, in goge waccan in juya, har katakon ya yi santsi kamar bayan ƙwarya. Na bi shi da mai, jan maɗacin ya fito. Na ja da baya ina kallon aikina ina murmushi, sai na nemi alamar fensir ɗina na rasa. Na juya shi, na sake juyawa. Sama da ƙasa sun zama abu guda. Na zauna a ƙasa cikin garin katako, kuma tsoron da na ji a ranar ban ƙara jin irinsa ba sai bana.

Kawu ya dawo ana gobe kasuwa ta uku. Ya shafa akwatin da tafin hannu. Ya rungume shi ya karkata, ya saurara. Ya karkata ɗaya gefen. Sannan ya ajiye shi a hankali kamar mai ajiye jariri.

"Ina take?"

"Na sa alama da fensir, Kawu."

"Ina alamar?"

Na sunkuyar da kai. Na so ya zage ni, ko ya ɗauki igiyar nan ya zabga mini, da na fi samun sauƙi. Maimakon haka sai ya jawo wani tsohon akwati na gida mai irin wannan rabin, ya jefa tsakuwa, ya rufe. "Zo ka ji abin da ka jefar," ya ce. Ya karkata, tsakuwar ta yi ɗan gudu ta bugi allon ta tsaya. Ya kifa akwatin ya sake karkatawa, sai ta bi ta kafar da ke tsakanin allon da murfi ta zarce har bango. Gajeren gudu, akwati yana zaune daidai. Dogon gudu, a kife yake. Shi ke nan surkullen. "Yanka ko ya karkace murfi zai zauna, tunda daga jikinsa ya fito," in ji shi. "Wanda ba ya gyaruwa shi ne ka yanka ta gindi. Ka raba allon biyu, ka mayar wa matar nan ƙyauren mijinta a matsayin itacen girki."

Washegari da sassafe ya ce in kai akwatin zauren gida, nesa da hayaniyar kasuwa, zai gwada ƙwanƙwasawa, ko kunne zai gane inda allon ya manne da gindi. Muna ajiyewa hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge. Indararo yana zuba, tsawa tana yi, ko maganar juna da ƙyar muke ji. Muka zauna muna kallon akwatin. Wani da ya fake a zauren ya ce ya wuce su a hanya, tsohuwar Taba ce a kan jaki an lulluɓe ta da tabarma, ɗanta yana riƙe da ita don kada ta faɗo. Na riƙa addu'a ruwan ya tsaya don Kawu ya ji, ina kuma addu'a kada ya tsaya don kada ta iso. Da ya ɗauke wajen hantsi, Kawu ya aika cikin gida a dakatar da daka, a kai akuya can nesa. Ya durƙusa ya manna kunne, ya fara bugawa da gaɓar yatsa, taki ɗaya bayan ɗaya. Katakon ƙyaure kauri gare shi, ni duk sautin iri ɗaya nake ji. Ya juya ya buga, ya sake juyawa. Ya daɗe yana yi. Can ya ɗora tafinsa a fuska guda.

"Ina zaton nan ne gindi."

"Zato, Kawu?"

"Zato. Tabbas ɗin ai ka jefa wa kaji." Ya miƙo mini zarto. "Hannuna ba zai iya ba. In ka ji ya yi nauyi ka tsaya, mun yi ɓarna."

Ya auna yatsa uku, ya ja layi da bakin wuƙa, ya zauna ya dafe akwatin da hannuwansa masu rawa. Na yi bismilla na fara. Ban taɓa jin zarto a hannuna kamar ranar ba, kowane ja ina jiran ya cije. Na gama gefe ɗaya, na gama na biyu. A na uku hannuna ya tsaya da kansa, Kawu ya ce, "Nauyi ya yi?" Na ce a'a. Ya ce, "To wa kake jira?" Da na huɗu ya rabu, ni kasa ɗagawa na yi, shi ya ɗaga. Allon yana nan a tsaye a gindinsa, zarton ya wuce ta kansa da abin da bai fi ƙwayar dawa ba. Kawu ya yi ajiyar zuciya, ya ce in daina tsayuwa kamar gunki in ɗauko pata.

Ina ɗaure pata ta ƙarshe suka iso. An sauko da ita da ƙyar, amma gaisuwa ba ta rage ko ɗaya ba. Ta buɗe akwatin ta sunsuna, ta rufe, ta sake buɗewa don ta ji ko zai yi kukan da ta sani. Ta sa yatsa a ɗan wurin turaren. Sannan ta sa ɗanta ya girgiza shi.

"Kafinta, ina tsakuwata? Duk akwatinka da na sani da tsakuwa yake zuwa."

"Wannan ba nawa ba ne, Yaya," in ji Kawu. "Na ɗan Zariya ne. Bai kai ga tsakuwa ba tukuna."

Ta dube ni ta daɗe, kuma na tabbata ta karanta komai a fuskata. Ta sunkuya tana tari, ta lalubi ƙasan zauren, ta tsinci wata 'yar fara mai santsi ta danƙa mini. "Ungo, ka fara da wannan," ta ce. Ba ta ga girbin dawa ba. Ɗanta ya gaya mana daga baya cewa ba a shiga gidan kowa aron allura ba.

Tun daga ranar ban ƙara sa fensir a jikin akwati ba. Wannan farar tsakuwa ita nake jefawa, in an buɗe in ɗauke abata in sa wa mai kaya wata. Da ita na dawo Ikara, da ita na aurar da 'ya'ya. Bara da na haɗa nawa akwatin, da allon raba ciki irin na tsohuwar, na jefa ta na rufe, zazzaɓi ya kwantar da ni wata biyu, na tashi na tarar kunnen ya tafi. Na rungumi akwatin na karkata, shiru. Na ce ko a tafin hannu zan ji gudunta, amma hannun da ke rawa da kansa ba ya jin rawar wani abu. Na tura shi ƙarƙashin gado. Kunya ta hana ni gaya wa kowa, ni da nake yi wa yara gorin ba su da kunnen aiki. Na yi tunanin kai wa masu inji, sai na tuna ko inji sai an gaya masa ina ne sama.

Makon jiya da hantsi na sake jawo shi ina karkatawa, ban san uwargida tana tsaye a bakin ƙofa ba. Ta matso kusa da kunnena, don yanzu haka muke hira.

"Malam, shekara guda ina share ƙarƙashin gadon nan. Duk sa'ad da na ture shi sai na ji abu yana gudu a ciki. Jira nake ka tambaye ni."

"Me zan tambaye ki? Ke kafinta ce?"

"A'a. Amma ina ji."

Na yi shiru, irin shirun Kawu na biyu, sai dai wannan karon da kaina nake. Na ce ta kashe rediyo ta rufe taga. Na karkata, ta ce, "Ta tafi har ƙarshe." Na kifa shi na sake karkatawa, ta ce, "Ta ɗan gudu ta tsaya." Na sa ta maimaita sau uku, har ta ce in ban yarda da ita ba in je in tono tsohuwar Taba in tambaye ta. Na auna yatsa uku na ja layi. Da na ɗora zarto sai ya hau rawa a kan katakon, na kasa kafa shi. Sai ta zauna ta danne akwatin da gwiwa, ta kama wuyan hannuna. Haka muka yi shi, muna ja muna hutawa, har aka kira azahar, ita ta gaya mini an kira. Yankan ya karkace, duk ɗan koyo zai gani ya yi dariya. Murfin dai ya zauna, allon kuma yana tsaye.

Ta sauko da ledar daga ƙusa, ta ninke likkafanin ta shimfiɗa a ciki, ta kawo turare da allura da zare. Tsakuwar tana kwance a kusurwa, ta ɗauko ta miƙo mini kamar yadda ta saba gani ina sa ta a aljihu. Na riƙe ta ɗan jim, sannan na mayar da ita ciki na rufe, domin babu wani akwatin da zan jefa ta. Na zaci daga ranar hankalina zai kwanta. Yanzu da safe in na buɗe ido ƙusar nake gani babu komai a jikinta, kuma gaban nawa bai daina faɗuwa ba.